Kashin Kaji Da Furen Okid: Jawabi Ga Masu Lambu Da Masu Kula Da Fulawa A Sabo, Ibadan

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau, a gafarce mu, kashin kaji ne. Mun ga wasu sun fara murmushi. To, a yi murmushin, amma a saurara, domin abincin mutane da dama a zauren nan yana rataye da shi.

Kowa ya san tun da aka kafa Sabo a 1916, goro da shanu ne suka riƙe kakanninmu a garin nan. Yau kuwa sana'a ta yi rassa. Cikin yaranmu akwai masu lambun alayyafo da lalo da latas a bakin rafuka da gefen madatsar ruwa ta Eleyele. Akwai masu jera tukwanen fulawa a bakin titi suna sayarwa. Akwai kuma waɗanda aka ɗauka gadi a Bodija ko Jericho ko Iyaganku, sannan aka haɗa musu da ban ruwan furannin gida, ba tare da an taɓa koya musu komai a kai ba. Dukansu taki suke nema. Takin zamani kuwa, tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, kuma duk da matatar taki ta Dangote da aka buɗe a Lekki cikin watan Maris na 2022, buhu bai zama abin da ƙaramin mai lambu zai ɗauka ba tare da ya yi lissafi ba. A gefe guda kuma ga gidajen kaji sun zagaye Ibadan, ta hanyar Oyo, ta hanyar Iwo, ta hanyar Ijebu-Ode da ta Abeokuta, masu su na neman wanda zai raba su da kashin. Ai dole ido ya koma can.

Ba mu zo mu hana kowa ba. Taki ne mai kyau ƙwarai. Abin da ya sa aka ce mu yi magana shi ne ƙorafin da ke yawan zuwa: yaro ya ga alayyafonsa ya yi kore shar da kashin kaji, sai ya ce bari ya kyautata wa furen uwargida, ya ɗebo hannu guda ya zuba a tukunyar okid. Bayan mako biyu ganye ya yanƙwane, fure ya zube. Akwai tukunyar da kuɗinta ya kusa albashinsa na wata. Sai a zabtare masa albashi, ko a sallame shi, kuma abin da ya fi ciwo, gobe in wani ɗan Sabo ya je neman aiki a layin nan, a ce ai mutanenku ba su iya ba. Alhali yaron nan alheri ya nufa.

To, mene ne okid ɗin ma? Dangin furanni ne babba, masana sun ƙidaya kusan iri 28,000 a duniya. Waɗanda kuke gani a gidajen masu hali, galibi daga Tailan ko Taiwan ko Holan asalinsu ya fito, domin can ne ake rainon su don kasuwa. Akwai mai faffaɗan ganye kamar harshen sa, furensa kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai, masu sayarwa na ce masa falanofsis. Akwai mai kara gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake, shi ne dandurobiyam. Akwai fanda, wanda ake ratayewa saiwoyinsa na lilo a iska ba ƙasa ba tukunya. Ko ƙanshin banila da ake sa wa kek da askirim, daga 'ya'yan wani okid ake samunsa, Madagaska ce kan gaba wajen nomansa. Mu ma nan ƙasar muna da namu na daji, a kurmin Ondo da Edo da Kuros Riba, manne a jikin manyan itatuwa.

A riƙe wannan kalma ta manne, domin duk maganarmu a kanta take. Mafi yawan okid ba a ƙasa yake tsira ba, a kan reshe yake zama. Wani zai ce, ashe kauci ne. A'a. Kauci huda itace yake yi yana shan jininsa. Okid kuwa wurin zama kawai ya nema, ba ya taɓa abincin mai masauki. Wani dattijo ya ce ashe ɗan Sabo ne. To, mu dai ba mu ce ba.

Wanda ke zaune a kan reshe, me yake ci? Ruwan sama da ya gangaro ta jikin ɓawo, ya wanko ƙura da ruɓaɓɓen ganye, wani lokaci da ɗan kashin tsuntsu da ruwan ya riga ya tsarma sau ɗari. Ke nan romon romo yake sha. Saboda haka aka yi masa saiwa dabam da ta sauran tsirrai. Ku duba ta da kyau in kun koma wurin aiki. Kauri gare ta kamar igiyar takalmi, tana sanye da wata farar riga mai kama da soso. In ta bushe fara ce ko ruwan toka, kuna zuba mata ruwa nan take ta koma kore. Aikin rigar nan shi ne ta zuƙe duk abin da ya taɓa ta cikin ƙiftawar ido, kafin ya wuce. Ba ta tambaya, ba ta zaɓe. A can ƙarshen saiwar kuma akwai ɗan koren tsini mai sheƙi, shi ne wurin da take girma, shi ne kuma mafi laushi a jikin shukar duka.

Sannan ga jinkiri. Falanofsis ganye ɗaya ko biyu yake yi a shekara. A shekara fa, jama'a. Alayyafo kuwa cikin wata guda ya tsira, ya girma, an yanke, an kai kasuwa. Ɗaya ɗan dako ne mai cin malmala uku, ɗaya jariri ne da ake ɗiga wa ruwa da cokali. Wanda ya ba jariri abincin ɗan dako ai bai taimake shi ba.

Yanzu mu juya ga kashin. Manomanmu sun daɗe suna cewa kashin kaji da na tattabara zafi gare su, na shanu sanyi. Gaskiyarsu, kuma ga dalili. Tsuntsu ba ya fitsari dabam. Farin nan da kuke gani a kan kashin kaza, shi ne fitsarinta. A cikinsa sinadarin naitirojin yake, wanda ke sa ganye kore, kuma da ya sami danshi da ɗumi sai ya rikiɗe ya zama amoniya, wato zarnin nan da ke hawa kai ya sa ido hawaye in an shiga ɗakin kaji. Abin da ya sa idonka hawaye daga nesa, yaya kake jin zai yi wa tsinin saiwa in ya kwanta a kansa?

Busasshen kashin kaji yana ɗauke da naitirojin kamar kashi 3 zuwa 4 cikin 100, na shanu bai cika wuce 2 ba. Yuriya kuwa kashi 46 ce. Wato buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, kuma kafin ka sami wannan daga busasshen kashin kaji sai ka tara wajen buhu 15. Masu lambu su riƙe wannan lissafi in za su yi ciniki, a haɗa da kuɗin mota. Amma wani zai tambaya, tunda yuriya ta fi ƙarfi haka, don me kashin kaji ya fi yawan ƙona shuka? Amsar ita ce, yuriya muna jin tsoronta, da cokali muke aunawa. Kashin kaji kuwa mun raina shi, da shebur muke ɗiba.

Bayan amoniya akwai gishiri. Ba gishirin miya kaɗai ba, ko da yake ana sa shi ma a abincin kaji, duk sinadaran da ke narkewa a ruwa irin aikin gishiri suke yi. Mahautanmu da masu tsire sun sani, ka barbaɗa wa ɗanyen nama gishiri ka dawo, za ka tarar ya tsatso ruwa. Haka yake yi wa saiwa. Maimakon ruwa ya shiga, sai ya riƙa fita. Shi ya sa za ka ga tukunya jiƙe sharkaf amma ganye ya yi yaushi kamar an yi mako ba ruwa. Yaro ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, saiwar da ta riga ta ji rauni ta ruɓe gaba ɗaya.

Kashin ma iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance. Akwai na kaji masu ƙwai da ake sakawa a keji. Wannan zalla ne, jiƙaƙƙe, mai wari, ƙuda na binsa. Da yake ana ba masu ƙwai farar ƙasa da ɓawon kawa da garin ƙashi don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari, kashinsu kanwa-kanwa yake. Masana suna da ma'aunin tsami da kanwa, 7 ne tsakiya. Okid ya fi son ɗan tsami kaɗan, tsakanin 5.5 da 6.5, shi kuwa kashin keji yakan haura 7 har ya kai 8. In kanwar ta yi yawa, ko da abinci na nan a tukunya saiwa ba ta iya ɗaukar wani sashe nasa, sai sabon ganye ya fito rawaya. Na biyu shi ne na kajin da ake kiwo a ƙasa bisa shimfiɗar dusar katako, kamar kajin nama da ake kwashewa bayan mako 6 zuwa 8. Wannan ya fi sauƙin sarrafawa domin ya zo da mahaɗinsa. In da zaɓi, shi za a ɗauka.

Akwai abin da muke so dattawa su tuna mana. A gida, a karkarar Kano ko Katsina, yaushe ake kai taki gona? Da rani. Jakuna na jigila da mangala, ana jibgewa tsibi-tsibi, rana na dukansa wata da watanni kafin ruwan shuka ya sauka. Kuma kashin kazar Hausa ne da aka sharo daga akurki da tsakar gida, ya gauraye da ƙasa da ƙaiƙayi da tattakar dabbobi. Zafinsa ya riga ya fita kafin ya ga saiwa, ba tare da kowa ya zauna ya ce yau zan sarrafa taki ba. Rani ne ya yi mana aikin kyauta. Nan kuwa ba mu da dogon rani irin wancan, damina ta fi tsawo, iska da laima, kashin kuma jiya-jiya ya fito daga ƙarƙashin kaji dubu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Aikin da rani ke yi mana a gida, nan da hannu za mu yi shi.

Ga yadda ake yi. A sami wuri mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. A shimfiɗa busasshen abu, ganyen bishiya ko ciyawa ko karan masara da aka sassara ko dusar katako, wadda ba ta wuyar samu a kasuwar katako ta Bodija. A bi da kashin kaji, a sake bi da busasshen abu, hawa-hawa, kwando ɗaya na kashi, kwando biyu na busasshe. In mai dusa ne aka samo, kwando ɗaya na busasshe ya isa. Ana yi ana yayyafa ruwa, amma ba a yi masa wanka ba. Ka damƙi hannu guda ka matse: in ruwa ya tsiyaya ya yi yawa, in ya wargaje ya yi kaɗan, in ya dunƙule ya bar maka danshi a tafi, daidai ke nan. Tsibin ya kai kamar ƙugun mutum a tsayi, faɗinsa ma haka, domin ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi. A rufe da ganyen kwakwa ko tsohon tamfol don kada ruwan sama ya wanke amfanin.

Kada a zuba toka, kada a zuba farar ƙasa. Mun san wasu na yi don kashe wari. Toka korar naitirojin take yi, ya tashi ya bi iska, wato ka biya kuɗin mota ka kawo taki sannan ka sallame shi da hannunka.

A soka rodi a tsakiyar tsibin a bar shi. Bayan kwana 3 ko 4 a zaro. In ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi da daɗewa, aiki ya kama. Zafin da ake nema shi ne digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙuda da irin ciyawa. In rodi ya fito da sanyi, ko dai tsibin ya bushe, ko ya jiƙe da yawa, ko ya yi ƙanƙanta. Duk mako a juya da shebur, na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje, domin gefen tsibi ba ya dahuwa. A Amurka, ƙa'idar masu noma ba takin zamani ita ce dogon tsibi ya yi kwana 15 bai sauka ƙasa da digiri 55 ba, a kuma juya shi sau 5 a tsakani. Mu da ba mu da ma'aunin zafi, rodi da hanci sun ishe mu, sai dai mu ƙara lokaci.

In ya daina zafi ko an juya, ba a gama ba. A bar shi ya huce ya kwanta. Don lambun ganye, wata 2 zuwa 3. Don okid kuwa mu wata 6 muke cewa, kuma ba ma ragewa. Alamar ya isa: ya yi baƙi, ya yi laushi, ba ka gane kashi ba ka gane dusa, ƙanshinsa kamar ƙasa in ruwan farko ya sauka, kuma tana ta shiga ciki. Tana ba ta zama inda amoniya take. Wanda ke son ƙarin tabbaci ya cika gwangwani da rabin takin rabin ƙasa, ya shuka wake ƙwaya 10. In sun tsira sun miƙe kore, madalla. In sun ƙi fita, ko bakin ganyen ya ƙone, a mayar da shi a ƙara haƙuri. Gara wake ya mutu da furen mutane.

To, ga taki ya nuna. Sai a ɗiba a zuba a tukunya? Har yanzu a'a. Ku leƙa tukunyar okid, ba ƙasa ce a ciki ba. Gawayi ne da ɓawon kwakwa da tsingaro ko ɓawon itace, an yi haka ne don iska ta riƙa ratsawa kamar yadda take ratsa reshe. Garin taki in ya shiga, sai ya toshe ƙofofin nan, ya riƙe ruwa, ya sa ɓawon kwakwar ya ruɓe da wuri ya zama taɓo. Sannan ya gayyato baƙi: kyankyasai da dodon koɗi, waɗanda ba abin da suke so da dare kamar koren tsinin nan na saiwa.

Hanyar da muka fi natsuwa da ita ita ce ta jiƙo. A ɗebi nunannen taki cikin gwangwanin madara ɗaya, a ƙulle a tsumma, a jefa a bokitin ruwa mai lita 10, a rufe, a bar shi kwana 3 zuwa mako guda ana ɗan motsawa. A cire ƙullin, a tace. Wannan ruwan ma ba shi za a ba shuka ba, uwa ce. Kofi ɗaya nasa, kofi 10 na ruwa, har launinsa ya zama kamar shayin da mai shayi ya yi wa rowar ganye. Ruwan sama ya fi, in an tara. Kafin a ba shi, a fara jiƙa saiwar da ruwa zalla har ta koma kore, domin busasshiyar saiwa ita ce ke zuƙar abu da haɗama ta ƙone. A yi da safe. A zuba a kan saiwa, kada ya taru a tsakiyar ganye, musamman falanofsis, domin ruwan da ya kwana a maƙogwaronsa ruɓar da shi yake yi, kuma in nan ya ruɓe an yi sallama. Sau biyu a wata ya wadatar. A tsakani kuma, sau ɗaya a wata, a kwarara wa tukunyar ruwa zalla mai yawa ya fita ta ƙasa, ya tafi da gishirin da ya taru.

Kuma ba kullum yake son ci ba. In ka ga sabon toho ko sabon ganye ko koren tsini a saiwa, yana aiki, a ba shi. In hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, da yawansu, musamman wasu dandurobiyam, tsayawa suke yi su huta. A lokacin nan a janye taki. Wanda aka sauya wa tukunya jiya, da wanda ba shi da lafiya, su ma a ƙyale su. Okid ya iya yin watanni ba taki bai mutu ba, amma cin rana ɗaya na iya kashe shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai tukwane da yawa kuma ya gwada a kan guda ɗaya, mafi araha, ya zuba ido wata guda kafin ya bi sauran.

In an riga an yi ɓarnar fa? Alamunta ba su ɓuya: tsinin saiwa ya koma baƙi ko ruwan ƙasa, bakin ganye ya ƙone, wani farin gari ya fito a bakin tukunya ko kan gawayi. In yau aka zuba, a kwashe abin da hannu zai iya, a kai famfo a yi ta kwarara ruwa. In an kwana biyu, a zare shukar a hankali, a wanke saiwoyin, a latsa kowace: mai tauri tana da rai, wadda ta yi laushi ko ta zama holoƙo ta mutu. A yanke matattun da reza ko almakashi da aka gasa a wuta. A zubar da tsohon gawayin, a sa sabo wanda aka wanke. In da ɓawon kwakwa za a haɗa, a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa, domin shi ma yakan zo da gishirinsa. A ajiye a inuwa mai iska, ba taki sai sabuwar saiwa ta fito, ko da zai ɗauki wata 2 ko 3. Kuma a gaya wa mai gida tun da wuri. Wanda ya faɗa da bakinsa ya fi wanda aka gano.

Don kada mu yi wa kashin kaji rashin adalci, akwai okid da ke jure shi. Akwai na ƙasa, irin mai ganye kamar na ƙaramar kwakwar manja da fure shunayya da ake jerawa a bakin baranda. Wannan a ƙasa yake rayuwa, ana iya gauraya masa nunannen taki awo ɗaya cikin awo biyar na ƙasa mai yashi. Akwai kuma masu son rana da ake ɗaurewa jikin sanda suna hawa, irin wanda ƙasar Singafo ta zaɓa ya zama furenta na ƙasa a 1981. Su ana shimfiɗa musu ruɓaɓɓen taki da ciyawa a gindi. Amma ko su, nunanne ne, kuma kada ya taɓa kara. Wanda bai gane wane iri ne a hannunsa ba, ya ɗauka mai laushin ne.

Masu lambun ganye, kada ku ce maganar ta masu fulawa ce. Okid in ya mutu kuɗi ne ya tafi. Latas kuwa ɗanye ake ci. Ɗanyen kashin kaji yana ɗauke da ƙwayar salmonela da 'yan'uwanta masu kawo gudawa da zazzaɓi, abin da babba zai jure amma ya kwantar da yaro ko tsoho. Ƙa'idar nan ta Amurka da muka ambata ta ce in ɗanyen taki aka zuba, sai an jira kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ku auna da kanku: alayyafo kwana 30, latas bai fi wata 2 ba. Ke nan babu yadda ɗanyen kashi zai dace da su, sai wanda ya dahu a tsibi. Kuma jiƙon nan da muka kwatanta, na fulawa ne, kada a yayyafa shi a kan ganyen da za a ci. Su wa ke cin ganyen? Maƙwabtanmu Yarbawa da suka amince suke saye a hannunmu, da 'ya'yanmu na cikin gida.

Sai murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna. A Janairun 2007 ta yi ajalin wata matashiya a Legas, ta kuma sake dawowa a 2015. Cutar na zama a cikin kashi, tana bin buhu da baro da takalmi. In ka je gona ka ga kaji na mutuwa, ko aka ce maka zo ka kwashe kyauta da gaggawa kuma ka ga fuka-fukai da gawarwaki a ciki, juya abinka. Da yawanmu muna da 'yan kaji da zabi a gida, kada mu kai musu ajali a buhu. Mai juya tsibi ya ɗaure hanci da baki, ya sa takalmin roba, mai rauni a hannu ya rufe shi, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Wurin ajiye tsibi ma abin dubawa ne. Cikin Sabo dai babu fili, gida na jikin gida, kada wani ya kawo buhunan ɗanyen kashi ya jingine a lungu ya tara mana ƙuda da rigima. Duba-gari, waɗanda masu gari ke kira wole-wole, ba sai an aika musu goron gayyata ba. A yi tsibi a can lambu, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ba a gaɓar rafi ba. Waɗanda suka ga ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta watan Agustan 2011 sun san ruwan garin nan ba ya sallama. Ko ƙaramin ruwa ya isa ya kwashe wahalar wata uku ya zuba a rafin da mutanen ƙasa da kai ke wanki da shi.

Ku da ke aiki a gidajen mutane, abu ɗaya muke roƙo: kada ku ba furen mai gida komai a ɓoye, ko da kuwa jiƙon da ya cika duk sharuɗɗan nan ne. Ku tambayi uwargida ko maigida tukuna. Da yawansu suna da takin kwalba na musamman da suka sayo tare da furen. In shi aka ba ku, ku bi awon da aka ce, in ma za ku kauce ku kauce ta wajen ragewa, kada kuma a haɗa shi da jiƙo a mako ɗaya. Mai son ƙarin sani, ga cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, nan Idi-Ishin, tun 1975 take, kuma furannin ado na cikin aikinta. Ba nisa daga Sabo. Zai yi kyau shugabanni su nemi a haɗa ayarin matasa su je su gani da ido.

Game da lokaci kuma, wanda ya tara tsibinsa a Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, zai sami sauƙin juyawa ba taɓo, masu lambu su fara ɗiba a Fabrairu, abin da ya rage kuma a rufe shi a inuwa har Mayu, daidai lokacin da damina ta kankama okid ya fara fitar da sababbin saiwoyi.